NCE ko digiri? Ina son in zama malamin kiɗa

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum. Bana na gama sakandare a nan Jos. Shekara huɗu ke nan ina kaɗa fiyano a wani ɗan sutudiyo da ke Dilimi, amma duk da kunne nake yi. In aka ajiye min takarda mai layuka biyar ɗin nan da ɗige-ɗige, wallahi sai dai in yi zuru. Burina in koyar da yara kiɗa a aji. Ga JAMB ta matso, na rasa abin da zan cike: NCE a makarantar horar da malamai da ke Pankshin, ko in nemi digiri kai tsaye? Ga kuma Baba, da na faɗa masa cewa ya yi, "Wato bokon roƙo za ka yi?" Tun ranar bai sake ɗaga maganar ba.

Malama daga Kubwa:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ni ta NCE na bi, shekara 3, daga nan na shiga jami'a a aji biyu. NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, kuma tun kana ɗalibi za a tura ka makaranta ka riƙe alli. Wanda ya yi digirin kiɗa zalla sai ya ƙara PGDE, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri, kafin rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa.

Ga abin da ba wanda ya gaya min da wuri: a firamare da ƙaramar sakandare kiɗa ba darasi ne mai zaman kansa ba, an cusa shi cikin CCA, darasin al'adu da fasaha, tare da zane da wasan kwaikwayo. Ranar farko da na shiga aji, fenti da burushi aka miƙo min! Makarantun kuɗi na Abuja ne ke ɗaukar malamin kiɗa shi kaɗai, su kuwa takarda za su ɗora maka a kan fiyano su ce bismillah. Don haka ka fara koyon karatun layukan nan tun yau, ko da rabin awa ne bayan La'asar.

Abban Hanifa:
In digirin ne ya tsaya maka a rai, jami'ar Nsukka ce uwa, tun 1961 suke da sashen kiɗa. A jami'ar Ife ma akwai. Sai dai ka yi lissafin kuɗin mota da na haya, Pankshin kuwa ko a ranar ka je ka dawo.

Kawu Bauchi Road:
Yaro, batun mahaifinka ya fi na JAMB. Kada ka tunkare shi da kanka, ka samu amininsa ko limamin unguwarku. Kuma kalmar "malanta" za a sa a gaba, don shi maroƙin gidan biki yake hangowa.

Ɗan Gangare:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Kawu, akwai wani amininsa da suke zama a shago, gobe zan same shi. Malama, da wane littafi kika fara koyon layukan?