Gurguzu ya taru mini, wa ya iya daddawar batso?

'Yar Gadarif:

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Tambaya gare ni, kuma na fi sa rai da amsar iyayenmu mata, amma duk wanda ya sani ya taimaka.

A Gadarif ta ƙasar Sudan nake aure. Bayan ɗakin girkina akwai ɗan fili da nake 'yan shuke-shukena: kuɓewa, lalo, yakuwa, kabewa guda da ta haye rumfa, sai zogale biyu a jikin danga. Bana yakuwar ce ta yi abin kirki. Tun tana ƙarama muke tsinkar ganyen muna miya, da ruwa ya ɗauke ta yi fure muka ƙyale ta, yanzu mun ɓare zoɓon mun shanya, zai kai mu azumi in yara ba su gano maɓoyarsa ba. Saura gurguzu, wato 'ya'yan yakuwar. Nawa na bayan gida bai taka kara ya karya ba, amma ƙanin maigidana ya shuka jar yakuwa a gefen gonar ridinsa, ya sayar da zoɓon ya juye mini 'ya'yan. In an haɗa za su kai malwa uku, wato ma'aunin hatsi na nan.

Maƙwabciyata ta ce in watsa wa kaji. Ni kuwa raina bai ba ni ba, don na san kakarmu daddawa take yi da shi, sai dai ta rasu ina ƙarama, warin kawai nake tunawa. Kuma bukatar ta taso. Tun da yaƙi ya shiga garin Madani a watan Disambar 2023 gidan nan ya cika da dangi, wasu sun koma, wasu suna nan. Tukunyar da nake ɗorawa yanzu ta ninka ta da, nama sai ranar da Allah ya kawo, sharmut ɗin ma, busasshen naman da muke dakawa a miya, ya zama na marmari. Miyar busasshiyar kuɓewa in babu nama babu daddawa, kowa ya san ruwan yauƙi ne da gishiri. Daddawar kalwa kuma sai wani ya zo daga yamma ya riƙo 'yar kaɗan, ni dai ban taɓa ganin bishiyar ɗorawa a wannan yankin ba.

To ga abin da nake son sani. Yaya ake dafa shi, da kanwa ko da toka? Kwana nawa ake rufewa? Kuma tunda abin dama mai wari ne, ta yaya mutum zai bambance wadda ta nuna da wadda ta lalace? Wannan ta ƙarshen ita ta fi damuna, gida ne mai ƙananan yara.

Sai 'yar ƙaramar tambaya ta gefe. Ina saƙar faifai da murfin kwano da kabar goruba, ina samun na sabulu da shi. Garin rini na kanti ya yi tsada. Ruwan zoɓo yana kama kaba?

Goggon Mai Wurno:

Wa alaikumus salam 'yata. Jikata ce ke rubuta mini, ni ina faɗa, in an ga kuskure nata ne.

Kada ki ba kaji. Mutanenmu da suka taso bayan yaƙin Burmi a 1903 suka zo Sudan suka kafa garin nan na Mai Wurno a bakin kogi, ba su tarar da ɗorawa ba, amma miya ba ta zauna haka ba. Da gurguzu iyayenmu suka riƙe ta, kuma har yau wasunmu ba mu daina ba.

Ki fara da malwa ɗaya, kada ki zuba duka a karon farko. Ki bakace shi sosai, ki wanke, ki rege, don tsakuwa tana ɓuya a cikinsa ƙwarai. Ki jiƙa shi da daddare ya kwana, wannan zai rage miki itace. Da safe ki ɗora. A tukunyar ƙasa fa, ko ta baƙin ƙarfe. Kada ki sa a ta dalma, toka da kanwa suna cin ta, za ta yi baƙi kuma daddawar ta ɗauki ɗanɗanon ƙarfe.

Dahuwar ita ce aikin. Gurguzu ƙwaya ce mai taurin kai, wuni guda yake yi a kan wuta, wani lokaci har dare, kina ƙara ruwa in ya tsotse. Ba a duba agogo, yatsa ake dubawa. Ki ɗauko ƙwaya ki matse tsakanin babban yatsa da manuni, in ta murƙushe ba gardama to ya yi. In da sauran tauri a tsakiya, mayar da murfi. Duk wadda ta yi gaggawa a nan, ko ta rufe shi mako guda ba zai nuna ba.

Ni ruwan toka nake sawa. Ki ƙona karan dawa ko na ridi, ku da kuke Gadarif ai ba ku rasa su. Ki zuba tokar a kwano mai ƙananan huda, ki shimfiɗa tsumma mai tsabta a ƙasa, ki zuba ruwa a hankali ya riƙa ɗiga. Ki ɗanɗana a harshe, in ya ɗan cije ki ya yi. Ludayi biyu ko uku a tukunyar ya wadatar. Kanwa ma tana yi, amma hannu ya yi sauƙi, in ta yi yawa ɗaci za ki ci.

In ya dahu ki tsame, ruwan ya tsane, amma kada ki bari ya huce. Da ɗuminsa za ki juye a tukunya mai tsabta, ki rufe bakin da faifai, ki lulluɓe da buhu, ki kai lungun da ba iska. Kwana biyu, in ana sanyi irin na yanzu uku. Sai ki buɗe ki kirɓa a turmi, kina ɗan yayyafa ruwan tokar, har ya haɗe. Ki mayar ki rufe ya ƙara kwana ɗaya ko biyu. Daga nan ki cura ƙanana, ki lallatsa su su yi faɗi don su bushe har ciki, ki shanya a faifai bisa rumfa inda akuya ba ta kai. Ki rufa musu yadi mara kauri saboda ƙuda. Yanzu ne ma lokacinta, iskar arewa ta busar miki cikin 'yan kwanaki. Da damina ba na yin ta sam.

Batun lalacewa. Wadda ta nuna warinta mai kaifi ne, yana hawa hanci har ido ya kawo ruwa, ta yi duhu, ta yi danƙo, in kin ja tana ɗan zare. Wannan lafiya lau. Wadda ta lalace warin mushe take yi, ko ta yi tsami, ko ki ga fumfuna kore ko baƙi mai gashi-gashi, ko tsutsa. In kin ga haka kada ki ce za ki kankare sama ki ci ƙasa. Ki haƙa rami ki binne, ki wanke tukunyar da tafasasshen ruwa. Kuma ko mai kyau ce, ba a ba yaro ɗanya, sai ta dahu a miya.

Ki gaya wa maigidanki tun da wuri, kada ya shigo ya zaci wani abu ya mutu a bayan randa.

Manomin Kassala:

Goggo ta gama magana a kan daddawa, ba ni da abin ƙari. Ni manomi ne a sawagin Kassala, wato lambunanta na ban-ruwa, abu biyu zan ce.

Na farko, Hajiya, kafin ki jiƙa ko ƙwaya ɗaya ki ware iri. Na bayan gidanki za ki ware, tunda kin san uwarsa kin ga yadda ta yi a ƙasarki. Ki zaɓi masu cika, su bushe ƙarau, ki gauraya da busasshiyar toka ki toshe a kwalba. Mutane da yawa sun rasa irinsu a shekarun nan, wanda ke da shi a hannu kada ya dafa shi duka.

Na biyu, yakuwa ba ta son ruwa ya kwanta mata. Shi ya sa zoɓon da ake ji da shi a ƙasar nan daga jigawar Kordofan yake fitowa, wajen Rahad da Ummu Ruwaba, a kai shi kasuwar amfanin gona ta Ubayyid. Taku ta Gadarif baƙar laka ce, da damina ta riƙe ruwa, da rani ta dare har ƙafar yaro ta shige. In bana ta yi kyau, baɗi in ruwa ya yi yawa tana iya ruɓewa daga saiwa. Ki yi mata kunya mai tudu, ki haɗa da yashi da tsohon takin awaki. Kuma kada ki makara da shuka. Ita sai rana ta fara gajarta take fure, ko ta girma ko ba ta girma ba, don haka wadda aka shuka a ƙarshen damina tana 'yar ƙarama za ta yi fure, ba za ki samu komai ba.

Karan yakuwar ma kada ki ƙona duka. In kin jiƙa shi a ruwa kamar mako guda ɓawon zai saki, a yi igiya da shi kamar na rama. Ba ta kai ta rama ba, amma tana ɗaure danga.

Ƙanwarku daga Nyala:

Yaya, ni fa ina ganin wahalar ta yi yawa. Wuni guda ana hura wuta, a wannan tsadar gawayin? Mu a wajenmu ana yin irin wannan, furundu ake ce masa, amma kawal ya fi sauƙi kuma ba ya cin itace ko ɗaya. Ganyen tafasa ne, ga ta nan ko'ina da damina ba mai shuka ta. A daka shi ɗanye, a danna a tulun da aka binne a inuwa, a rufe da ganyen dawa a liƙe bakin da laka. Duk bayan kwana uku a buɗe a juya da hannu a sake rufewa, wajen mako biyu ya yi, a cura a shanya. Shi ma yana tsaya wa miya a madadin nama.

Rini kuwa, zoɓo ba ya zama. Ranar farko zai yi kyau, rana ta buge shi ko ruwa ya taɓa sai ya koma toka-toka. Ki nemi karan dafi, jan kuben nan na jikin wata dawa da dukawa ke rina fata da shi. A daka, a dafa da ɗan ruwan toka, a tsoma kabar tana tafasa. Ki sa masu zuwa gona su duba miki.

Goggon Mai Wurno:

'Yar Nyala, kawal abinci ne, ban raina shi ba. Amma tafasa ta bushe yanzu sai wata damina, ita kuwa yarinyar nan gurguzu ne a gabanta yau. Kuma wa ya ce da gawayi ake yi? Kara da kirare ake turawa. Mu nan mata uku ko huɗu muke haɗuwa, tukunya ɗaya babba, kowa ta kawo nata karan, a raba in an gama.

Maman yara, Makka:

Ina karantawa yawuna yana tsinkewa. Mu nan a bene muke, in na rufe wannan abin kwana uku maƙwabta za su kira mai gidan. 'Yar Gadarif, in ta yi kyau ki yi da yawa, akwai masu tasowa ta Sawakin zuwa Jidda a jirgin ruwa. Mata a unguwarmu za su saya, da faifan ma, don na roba ne ya cika kasuwa.

'Yar Gadarif:

Allah ya saka da alheri, Goggo, Allah ya ƙara girma. Na yi yadda kika ce da malwa ɗaya, ni da matar ƙanin maigidana, da karan ridi. Da na buɗe tukunyar yara suka watse waje, surukata kuwa daga ɗakinta ta ce a kawo mata ta gani, ta shafa ta sansana ta ce ta yi. Tana kan rumfa yanzu. Na ɗan gutsuri wadda ba ta gama bushewa ba na jefa a miyar kuɓewa jiya, asidar ba ta kwana ba.

Malam na Kassala, na ware irin, kwalba biyu. Ƙanwata ta Nyala, kawal sai damina in Allah ya kai mu, zan neme ki. Karan dafi har yanzu ban samu ba. Maman yara, bari mu ga abin da zai rage bayan na gida.

Goggo, saura ɗaya. Ana sa mata gishiri kafin a ajiye? Surukata ta ce ana sawa.

Goggon Mai Wurno:

Wasu suna sawa, surukarki ba ta yi ƙarya ba. Ni ba na sawa, gishiri yana jawo danshi in damina ta zo. Ki bari ta bushe har ki ji tana ƙara in kin jefa a kwano, ki zuba a tulu mai murfi, duk wata ki fito da ita ta sha rana. In kina son raba gardama, ki sa wa rabi ki bar rabi, ki ajiye su daban.