Ƙasa ta zaizaye a ƙarƙashin ledar kududdufin kifi: ku da abin ya taɓa samu, ya kuka yi?

Mai Tarwada, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina kiwon kifi a bayan gida, rami ne muka haƙa mita 4 da mita 3, zurfi mita 1, aka shimfiɗa baƙar leda mai kauri a ciki. Tun ruwan da aka tafka a watan Agusta gefen da ke kusa da katanga ya lotsa. In na shiga na taka wurin sai in ji babu ƙasa a ƙarƙashi, ledar ce kawai a ɗame kamar fatar ganga. Ruwan ma yana raguwa. Tarwadata sun kusa isa sayarwa, hankalina a tashe yake. Wani ya ce in ɗaga bakin ledar in ɗura yashi ya gangara ya cike gurbin. Kafin in taɓa komai nake so in ji daga bakin waɗanda suka ga irinsa.

Tsohon Birkila, Zariya

Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka ɗura yashin nan. Yashin da ba a daɓe ba ruwan farko zai kwashe shi ta hanyar da ya kwashe ƙasar. Ramin naka yana cin lita 12,000, wato tan 12 na ruwa, kuma kowace murabba'in mita ta ƙasan tana ɗauke da tan guda. Ledar ba ta ɗaukar ko kilo ɗaya daga ciki, aikinta ta hana ruwa wucewa, ƙasa ce ke riƙe nauyin. Inda ƙasar ta gudu, ledar ce ke rataye da kayan, shi ya sa ta ɗame, kuma nan za ta fara yagewa. Ka daina takawa.

Na gyara irin wannan a wani gida nan Zariya. Da muka duba sama sai ga indararon ɗakin girki yana zuba daidai bakin ramin, ruwan rufin nan duka yana bi ta bayan leda. Sai da muka karkatar da shi da fayif zuwa kwata kafin muka taɓa ramin. Je ka tsaya a wurin lokacin da ake ruwa, ko da lema ne, ka ga ta inda yake bi.

Hajiya Mai Kifi, Kaduna

Baba ya yi gaskiya, amma ba kullum ruwan sama ba ne. Nawa daga ciki ya fito. Huda ce 'yar ƙarama, da ƙyar tsinken ashana zai shiga, amma dare da rana tana tsiyaya har ta ci rami a ƙarƙashi. Da muka ɗaga ledar, aya-aya ce ta tsiro ta huda ta. Ciyawar nan bakinta da kaifi, in ba ka tono 'ya'yanta na cikin ƙasa ba sai ta dawo. Maƙwabciyata kuma gara ce ta yi mata, da rani suna bin danshi.

Ga yadda za ka raba yoyo da shan rana. Cika bokiti da ruwan kududdufin, ka ɗora shi a kan bulo a ciki yadda ruwan ciki da na waje za su zo daidai, ka yi alama, ka bari ya kwana ya wuni ba ƙari ba ragi. Rana ba ta wariya, in ita ce za su sauka tare. In na waje ya fi sauka, kana da huda. Daga nan ka bar ruwan ya yi ta sauka, inda ya tsaya cak, hudar tana kan wannan layin, sai ka bi shi da hannu ka zagaye.

Maganar kifi kuwa, ka hana su abinci kwana guda kafin kwashewa, ka kwashe da sassafe, ka zuba su a tanki ko durom da ruwan da suka saba, ka rufe da raga don suna tsalle. Tarwada tana shaƙar iska a sama, tana da juriya, amma kada ka cunkusa su, ƙayoyinsu suna ji wa juna rauni. Waɗanda suka isa, ka sayar kawai ka rage wa kanka wahala.

Ɗan Columbus, Amurka

Sannu Malam, Allah ya kiyaye gaba. Ni ba kifi nake ba, amma da bazara ina aiki da masu gyaran wuraren ninkaya na bayan gida a nan jihar Ohio, kuma da yawansu leda ce ake shimfiɗawa, kaurinta wajen rabin milimita zuwa kashi uku cikin huɗu na milimita. Matsalarka ita ce tamu. Abin da na fi gani shi ne a watan Maris da Afrilu, ƙanƙara ta narke ruwan sama ya haɗu da ita, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso ya ɗaga ledar. Sai ka gan ta ta kumbura tana yawo. In ruwan ya janye ya tafi da yashin, ya bar kwari da tattara.

Abin da nake so in ja kunnenka a kai shi ne zubar da ruwa. Muddin ƙasa a jiƙe take sharkaf, ruwan da ke ciki shi ke danne ledar, shi ke tokare bangon. Na ga gidan da aka kwashe ruwa tas bayan mamakon ruwa, kafin gari ya waye gefe guda ya rufto. Tona ɗan rami taku biyu daga bakin kududdufin, ya ɗan fi shi zurfi. In ruwa ya taru a ciki, ka fara janye shi da inji, ko ka jira damina ta ja baya. Mu in ba dole ba muna barin ruwa kamar santimita 30 a wuri mara zurfi, mu ɓalle gefen da ya lalace kaɗai mu naɗe shi. Irin ledarmu in ta kwana biyu a bushe takan tsuke, tsohuwa kuma ta yi tauri ta tsage.

A nan ba yashi zalla ake fi so a ƙasan ba. Ana kwaɓa siminti da wani ma'adini mara nauyi da ake kira bamikulait, a shafe kaurin santimita 5, ruwa yana ratsa shi amma ba ya kwashe shi. Wajen mayar da leda muna jiran rana ta buɗe ta yi laushi, mu sa injin zuƙe iska a bayanta ta manne, sannan a saki ruwa.

Mai Tarwada, Kano

Na gode ƙwarai. Baba, na bi maganarka. Rariyar da ke jikin katanga ce, ruwan tsakar gida duk ta nan yake fita, ya bi gindin katangar ya shige bayan ledar. Hajiya, bokitin ma ya nuna akwai yoyo. Yanzu tambayata, da me zan cike? Siminti ko ƙasa?

Injiniya, Gombe

Malam, ni siminti zan ce, amma ba kankare ba. Mu nan Gombe zaizayar ƙasa ba labari ba ce, kwaruruka sun ci unguwanni. Kududdufina yana kan gangare, jan ƙasa kaɗai ba ta zauna mini ba. Na gauraya yashi mai laushi kwanon sarki 8 da siminti kwano 1, na yayyafa ruwa kaɗan yadda in ka dunƙula zai kama bai ɗiga ba, na daɓe, na goge saman ya yi sumul. Kafin wannan na haƙa siririn lambatu ta gefen tudu, na kwantar da fayif mai huji-huji a cikin tsakuwa, na lulluɓe da buhu don kada laka ta toshe, yana gangarawa santimita 1 a kowace mita har waje. Tun daga nan ruwan gangare ba ya isa bayan ledar. Wanda yake kan baƙar ƙasa mai tsagewa da rani ta kumbura da damina, ya cire ta daga gurbin gaba ɗaya, ba a ciko da ita.

Tsohon Birkila, Zariya

Injiniya, lambatunka na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Simintin ne nake da ja. Shi Mai Tarwada a fili yake ba kan gangare ba, in ya kawar da rariyar nan jan ƙasa ta ishe shi, kuma kuɗinsa ya huta. Faci na siminti a tsakiyar ƙasa mai laushi yakan bar baki mai kaifi in gefensa ya ɗan zauna, bakin nan shi ke cin leda.

Ga yadda nake yi. Ka kankare duk ƙasar da ta jiƙe ta yi taɓo sai ka kai mai tauri, ko da ramin zai ninka girma. Ka zura sanda ka tabbata babu ramin gafiya ko gidan gara a baya. Ka tankaɗe jan ƙasar ka fitar da tsakuwa da kwalba da saiwa. Zuba santimita 10, yayyafa ruwa, daɓe har madaɓin ya daina barin sawu, sannan ka ƙara wani. Mutane a nan suke gajiya, su juye baro uku lokaci guda su taka da ƙafa, saman ya yi kyau ƙasan yana nan sako-sako. Bangon kada ya tsaya tsaye, ka kwantar da shi kaɗan, kusurwar da ya haɗu da ƙasa kuma ka lanƙwasa ta yadda ledar za ta kwanta ba ta rataya ba. A saman a baza yashi mai laushi ɗan yatsa biyu, a shimfiɗa tsohon kafet ko buhunan abincin kifi. Bakin ledar a binne shi a rami a bayan tudun da ya fi tsakar gida tsawo.

Ɗan Autan Zaure, Katsina

Iyayena, ni nawa tampol ne na kan ƙarfe, ba rami ba, amma abin ya same ni. Ruwan da nake saki in zan canza ya riƙa cin ƙarƙashin ƙafa ɗaya har tankin ya karkace. Na ɗora ƙafafun a kan bulo, na ƙara tsawon tiyo ya kai lambun gidanmu. Baba Mai Tarwada, kafin ka sayi gam ka tambayi wanda ya sayar maka wace irin leda ce. Tampol yana karɓar gam: a wanke, a busar, a yanke facin zagaye ya wuce hudar da santimita 5 ta ko'ina, a danne da nauyi ya kwana. Baƙar ledar nan mai tauri da santsi kuwa gam ba ya kama ta, sai da injin zafi ake like ta, ka nemi masu shimfiɗa ta su zo da nasu. In ka fara mayar da ruwa ka tsaya a tafin hannu guda, ka shiga ba takalmi ka tura tattarar zuwa bango, don in ruwa ya yi yawa ba ta motsuwa kuma.