Musayar Waƙa a Kan Aretha Franklin, Zabiyar Sol da Bishara

Malam Zailani

Da sunan Allah zan fara,
Na ɗau alƙalami na gyara,
Zancen zabiya zan tsara,
Aretha Franklin, mai ƙara
Wa baiti gishiri wurin rerawa.

A 1942 aka haife ta,
Memphis ta Amurka ce garin cibiyarta,
25 ga Maris ranarta,
Fasto C. L. Franklin babanta,
Uwa Barbara, gwanar fiyano wurin kaɗawa.

Iyali suka koma Detroit da zama,
New Bethel ce cocin da uban ya kama,
In ya hau wa'azi sai murya ta yi sama,
Yana ja, jama'a na amsa masa ma,
Faifan wa'azinsa har kanti ake saidawa.

Tana gab da shekara 10 a duniya,
1952, uwa ta bar ta marainiya,
Ta rungumi fiyano da zuciya,
Ba ta karanta kiɗa a takarda, gaskiya,
Da kunne take ɗauka, yatsu na maimaitawa.

Baƙin gidansu duk manya ne,
Clara Ward, Mahalia Jackson, mawaƙa sanannu ne,
Sam Cooke ma ɗan gida ne,
James Cleveland kuwa malaminta ne,
Falon fasto ya zam ajin koyarwa.

Tana da shekara 14 aka yi faifai,
1956, a cikin cocin kawai,
Joe Von Battle ya kafa na'ura daidai,
Fiyano da murya, ana jin jama'a sarai
Suna amin, suna ihu, suna amsawa.

Goggo Saratu, ga fili nan,
Ke kika san sirrin cocin nan,
Warware mana ƙullin kiɗan nan,
Don masu cewa ihu ne ɗin nan
Su ji akwai ƙa'ida da lissaftawa.

Goggo Saratu Uwar Amshi

Malam, na karɓa, Allah ya ƙara basira,
Tushen waƙar bishara ja ne da amshi.

Mai ja ta jefa layi, ƙungiya ta cafe,
In sun makara da ƙiris, mai ja ta ji haushi.

Ƙungiyar kashi 3 ake raba ta galibi,
Siririyar murya, ta tsaka, da ta maza mai kaushi.

Hannun hagu kan fiyano shi ke riƙe ƙasa,
Na dama ya cike gurbin da ta ja numfashi.

Tafi kuwa, a ƙirga 4 a kowane zagaye,
A kan 2 da 4 ake yi, nan yake da ƙamshi.

Wanda ya tafa a 1 da 3 ya ɓata rawa,
Kiɗan ya koma fareti, ya rasa laushi.

Aretha ba ta hawa kan bugu da gaggawa,
Takan ɗan jinkirta, ta bar ka da ƙishi.

Gaɓa ɗaya sai ta lanƙwasa ta hawa-hawa,
Amma ba kowace ba, kar kunne ya ƙoshi.

Nan 'yan koyi suke faɗuwa, 'ya'yana,
Su murɗe kowace kalma, ma'ana ta sha kashi.

Kuma ba a faro waƙa daga ƙololuwa,
A bar wuta ta ruru a hankali, sannan gashi.

In an zo ƙarshe a tsaya kan layi guda,
A yi ta nanatawa har mai zaune ya tashi.

Sol ɗin da ake faɗa ba wani gini ne daban ba,
Wannan ne, aka ɗora masa soyayya da kishi.

Ɗan'asabe ɗana, kai ne mai na'ura,
Me ya sa ta bar kamfanin faifai na Columbia da bashi?

Ɗan'asabe Injiniya

Goggo, na ji kira, ga bayani,
A 1960 ta shiga kamfani,
John Hammond ya ɗauke ta, masani,
Ba a ce kunnensa bai ji daidai ba.

Matsalar na ga yadda aka tsara aiki,
An rubuta kiɗa tun kan ta shigo ɗaki,
Goge barjat, ita tsaye, makirfo a baki,
Sau da yawa ba ta taɓa fiyano ba.

Yau jaz, gobe waƙar dandali,
Jibi ta 'yan rawa, ba a kafa tubali,
Shekara 6 an ƙi komawa ga asali,
Masu saye ba su gane ko wace ce ba.

A jerin waƙoƙin tashe na Billboard, na gama-gari,
Lamba 37 ta kai a 1961, ba ƙari,
Kuɗin situdiyo a kanta yake tun fari,
Ciniki bai kai ya goge bashin ba.

Ƙarshen 1966 kamfanin Atlantic ya karɓa,
Furodusa Jerry Wexler da tsarin can ya saɓa,
Ya zaunar da ita, fiyano ta taɓa,
Makaɗa su bi ta, ba ita ta bi su ba.

Aka je Muscle Shoals ta Alabama,
Janairun 1967, situdiyon Rick Hall aka kama,
Ba rubutaccen kiɗa, da ka ake fama,
Da fari waƙar farko ba ta ɗau hanya ba.

Sai Spooner Oldham ya lalubo salo
A fiyanon lantarki, sauran na kallo,
Hawkins ya sa ganga, Cogbill babban molo,
Aka gama ta, ba a kai ga kwana ba.

Sai kwalba ta shiga tsakani,
Mijinta Ted White ya yi faɗa da wani
Mai busa, Rick Hall ya bi shi, abin ya yi muni,
Waƙa ɗaya da rabi, ba a ƙara ba.

Wexler ya yi dabara ta manya,
Ya kira makaɗan su kamo hanya,
A New York aka ƙarasa aikin gayya,
Ita kam ba ta sake ɗauka a can ba.

Ladi Ƙaramar Zabiya

Yaya Ɗan'asabe, ka lissafo maza ka tsaya,
Ka bar Erma yayarta da Carolyn ƙanwarta.

"Respect" ta Otis Redding ce tun 1965,
A bakinsa miji ke neman girma, ita ta juya ta.

14 ga Fabrairun 1967 aka ɗauka,
Tsarin amshin daga gida ta zo da abinta.

Harrafa kalmar ɗaya-ɗaya babu shi a ta Otis,
Nan kiɗa ke ɗaukewa, a bar fili ga muryarta.

Erma da Carolyn, 'yan amshi, na jefa gajerun kalmomi da sauri,
Su cike tsakanin layi, ba sa hawa kanta.

Ta Otis ba wurin shan iska a tsakiya,
Sai King Curtis ya busa saksofon ya buɗa ta.

Ya ɗaga kiɗan zuwa wani mataki ya dawo da shi,
Kunne ya wartsake kafin ta koma kan maganarta.

Tom Dowd na kan na'ura mai layi 8,
Ganga da layinta, murya ma da layinta.

Amfaninsa, in amshi ya kauce a sake shi kaɗai,
Ba sai an tara makaɗa an maimaita ta.

Minti 2 da rabi ce, ba ta kai 3 ba,
Watan Yuni ta hau lamba 1, Amurka na rera ta.

Lambar yabo ta Grammy 2 ta ɗauka a 1968,
Rukunin mata na R&B, shekara 8 a jere nata.

Masu fafutukar baƙar fata da mata suka riƙe waƙar,
A 1970 ta ce za ta yi belin 'yar gwagwarmaya Angela Davis da kuɗinta.

Baba Istifanus

'Yata Ladi, kin yi daidai,
Amma kar a tsaya nan kawai,
Ƙololuwar aikinta na cikin coci.

13 da 14 ga Janairu,
1972, mutane suka taru,
New Temple, Los Angeles, dare 2 ba barci.

James Cleveland ya kawo ƙungiya
Ta Kudancin California gaba ɗaya,
Alexander Hamilton ke ba su hannu a jagoranci.

Makaɗanta na sol ta shigo da su,
Purdie a ganga, Rainey a bas, Dupree cikinsu,
Ken Lupper a ogan, kowa da inganci.

Wahalar ɗauka a coci ga ta:
Kowane makirfo na zuƙar ƙarar maƙwabta,
In mai ganga ya yi nauyin hannu, sai takaici.

Shi ya sa aka sha gwaji tukuna,
Kowa ya san inda zai yi shiru ya zauna,
Sannan aka buɗe ƙofa ga masu zumunci.

"Amazing Grace" ta ja ta fiye da minti 10,
Babu bugu, ta sauko ƙasa ta koma sama,
Mai fiyano na bin numfashinta cikin sassauci.

Cleveland ya tashi ya bar kujera,
Kuka ya ci shi, Hamilton ya ɗora,
Waƙar ba ta yanke ba ko na ɗan lokaci.

Dare na 2 babanta ya zo,
Ga Clara Ward a gaba, mai ƙwazo,
Tana kiɗa ya share mata gumi da hankici.

Faifan ya fito a watan Yuni,
Ya haura kwafi miliyan 2 a Amurka, ku gani,
Duk faifanta ba wanda ya kai shi kasuwanci.

Ɗan'asabe Injiniya

Baba, a gafarce ni, akwai saura,
Kamfanin fim na Warner ya turo darakta Sydney Pollack da kyamara,
Wajen awa 20 na fim aka tara,
Amma shekara 46 bai fito ba.

Dalili ɗan allo ne, fari da baƙi,
Da katako a samansa mai muƙamuƙi,
A kaɗa shi ƙwas kafin a shiga yaƙi,
Pollack da mutanensa ba su kaɗa ba.

Fim na hoto daban, tef na sauti daban,
Ƙwas ɗin ne mahaɗarsu tun farkon zaman,
A ɗora ƙarar kan hoton rufewar katakon nan,
In babu, leɓe da murya ba za su dace ba.

Kyamarori da dama, ana kunnawa ana kashewa,
Gutsattsari barjat, ba alamar farawa,
Har masu karanta leɓe suka gwada haɗawa,
Aka gaji aka ajiye, ba a gama ba.

A 2007 Alan Elliott ya saye shi,
Kwamfuta ta daidaita sauti ta ɗinke shi,
Ita kuma ta je kotu ta tare shi,
2011 da 2015, ba ta yarda ba.

Sai da ta rasu dangi suka amince,
Nuwamban 2018 fitowarsa ta kasance,
Da tafi ɗaya aka yi gaban kyamara, da an dace,
Hannu biyu ma allo ne, ba a tuna ba.

Malam Zailani

Ƙarshen shekarun 1970 kasuwa ta juya,
Disko ya shigo, sol ya koma baya,
Faifanta na 1979 bai ja ba ko ɗaya,
Ɓarayi suka harbi babanta, ga wata wuya,
Shekara 5 bai farfaɗo ba har rasuwa.

Clive Davis na kamfanin Arista ya ɗauke ta,
A 1985 sabon kiɗa ya tashe ta,
1987 zauren gwanayen Rock and Roll ya sa ta,
Mace ta farko da aka rubuta,
Ta kuma koma New Bethel ta yi faifan yabawa.

Goggo, ni dai ga ra'ayina,
Gangar inji ba ta shiga raina,
Ba ta jira, ba ta san a zauna,
Mai jinkirta bugu ta rasa wurin kwana,
An sami ciniki, an rasa numfasawa.

Goggo Saratu Uwar Amshi

Malam, rabi ka faɗa, rabin na maƙogwaro ne,
Sigari ta daɗe tana sha, ya sa mata kaushi.

Ta bar shi a farkon shekarun 1990,
Saman murya ya ragu, ƙasanta ya ƙara ƙamshi.

Sharaɗinta a zaure, a kashe na'urar sanyaya ɗaki,
Busasshiyar iska na ƙeƙasa wuya, ta taƙaita numfashi.

20 ga Janairun 2009, rantsar da Obama, fili ga sanyi,
Ita da kanta ta nuna muryar ranar ta ba ta haushi.

Amma dubi Grammy ta 1998, mawaƙin opera Pavarotti ba lafiya,
Nan take ta hau ta rera waƙar opera a madadinshi.

Ba a sauya wa makaɗa takarda ba, babu lokaci,
Matakin muryar namiji ne, ta sauko ta bi nashi.

Ladi Ƙaramar Zabiya

Goggo, a ƙara da batun kuɗi don 'yan baya,
Sai an biya ta tsaba take hawa, ga su a jakarta.

Jakar na nan a dandamali inda idonta ke kai,
Ta ga yadda ake cutar mawaƙa baƙaƙe tun ƙuruciyarta.

Jirgin sama ta bari tun tsakiyar shekarun 1980,
Bas take bi, shi ya taƙaita nisan tafiyarta.

16 ga Agustan 2018, a Detroit, tana da shekara 76,
Grammy 18 a hannu, ciwon daji ne ajalinta.

Inda lissafi ya kwance, ba kammalalliyar wasiyyar lauya,
Sai rubutun hannu da aka gano a 2019 a gidanta.

Ta 2010 na kulle a kabad, ta 2014 cikin kujerar falo,
Saɓanin takardun ya raba kan 'ya'yanta.

Yulin 2023 masu taya alƙali a Michigan suka yanke:
Ta cikin kujera ce ke aiki, ita ce ta baya, ga sa hannunta.