Shehu Abdullahi ɗan ci-rani ne?

Basakkwace: Jama'a abin ga na ci min rai. Duk sadda aka zo lissafin 'yan ƙwallon Arewa, sai a ce Ahmed Musa, a ce Sadiq Umar, har a kai ga Rabi'u Ali, ba mai tunawa da Shehu Abdullahi. Yaron ga daga Sakkwato ya tashi, ya yi Kano Pillars, ya tafi Qadsia ta Kuwait, daga nan União da Madeira a Fotugal, sai Anorthosis a Sayifurus, Bursaspor a Turkiyya, ya koma Sayifurus wurin Omonia, sannan Levski Sofia a Bulgeriya. Ƙasa biyar ya yi ci-rani da ƙafarsa. Yana cikin waɗanda sunka ciyo tagulla a gasar Olamfik ta Rio 2016, kuma ita kaɗai ce lambar da Najeriya ta samu a gasar baki ɗaya. Amma da yake ba Bakano ba ne, shiru kake ji.

Baban Yara: Ci-rani kuma? Haba ɗan'uwa. Ka zo kare mutum ka ɓuge da zaginsa. Mai buga wa ƙasa wasa kake haɗawa da mai tura kurar ruwa?

Basakkwace: Mi ne abin zagi ga ci-rani? Kakanninmu da shi sunka gina gidaje.

Baban Yara: Ɗan ci-rani damina na faɗuwa yake tattara komatsansa ya koma gona. Wannan kwantiragi yake sa wa hannu, da wakili, da likita ya gwada gwiwarsa kafin a karɓe shi. Ka janye kalmar kawai.

Malamin Firamare: Ni ina ganin kalmar ta zauna daidai. Wanda yake kulob bakwai ko takwas, shekara ɗaya nan, biyu can, kwantiragi na ƙarewa ya ɗauki jaka ya nemi gaba, me za ka kira shi? Kuma yawancin 'yan wasanmu da ke waje haka rayuwarsu take. Mu dai Firimiya muke kallo, mun ɗauka kowa Salah ne. Akasarinsu suna ƙananan lig, inda kulob zai faɗa rukuni na biyu a rage albashi, ko a canza koci sabon ya ce ba ya yi da kai. Bursaspor ɗin ma ai tana faɗawa rukuni na biyu a 2019 yana can, kulob ɗin da ya ci lig ɗin Turkiyya a 2010.

Sai Masu Gida: Malam duk wannan dogon turanci ne. Wa ya fito da shi? Pillars. Daga Pillars kocin Najeriya Stephen Keshi ya ɗauke shi zuwa CHAN ta 2014, gasar Afirka ta 'yan wasan lig ɗin cikin gida. Da ya gama zagayen ina ya dawo? Pillars. To ina maganar wai Kanawa ba sa yi da shi?

Bazazzagi: Su Kanawa ko rana ce ta fito sai su ce daga Kurmi aka saro ta.

Sai Masu Gida: Kai bawanmu, wa ya sa da kai? Kawo kulob ɗin Zariya da ya ci lig sau huɗu mu gani. 2008, 2012, 2013, 2014. Ƙirga da yatsunka.

Bazazzagi: Ubangidanka dai. Wasan tagullar da ake ta magana, da Honduras, 3 da 2, wa ya ci biyu? Sadiq Umar, ɗan Kaduna. In ma yawo ake ji da shi, Sadiq ya fi shi: Roma, Bologna, Torino, Rangers, Partizan, Almería, Real Sociedad. Shi me za ku kira shi, ɗan gudun hijira?

Baban Yara: Ka ga irinta ko? Yanzu an koma gudun hijira. Shi ya sa na ce a janye tun farko.

Ɗan United: Ni dai na san Omonia, mun ci su 1 da nema a Old Trafford a 2022. Shehun yana ciki ai, ban ga abin da ya yi ba.

Malamin Firamare: Ba ya ciki, ya riga ya bar su. Ɗan Najeriyar da ka gani Francis Uzoho ne, mai tsaron gida, wanda ya hana ku sakat sai a ƙarin lokaci McTominay ya cece ku. Da Shehu Omonia ta ci lig ɗin Sayifurus a 2021.

Ɗan Arsenal: Kulob ɗin Sayifurus ya sa su zufa har minti 90, kuma yana da bakin magana.

Ɗan United: Kai da ba ka taɓa ɗaga kofin Zakarun Turai ba ka yi mana shiru.

Ɗan Arsenal: 2004, kaka guda ba a ci mu ba a lig. Ka je ka tambayi yayanka.

Basakkwace: Don Allah ku kai rigimarku can. Ni maganar Shehu nika yi. Ya buga Kofin Duniya 2018, da shi anka fara wasan Kuroshiya.

Sai Masu Gida: Wanda aka ci mu 2 da nema? Wasan da ya biyo baya fa, da Iceland, wa ya ci biyu? Ahmed Musa. A 2014 wa ya zura wa Ajantina biyu? Ahmed Musa. Kuma shi ma tsohon ɗan Pillars.

Basakkwace: Mai tsaron baya kake son ya riƙa cin ƙwallo? Kuma shi Musan ba yawon ya yi ba? Holan, Rasha, Ingila, Saudiyya, Turkiyya. Shi ma biyar. In Shehu ɗan ci-rani ne, Musa sarkin 'yan ci-rani ne.

Sai Masu Gida: Kul! Kada ka ƙara. Wanda Leicester ta saya tana riƙe da kofin Firimiya? Shi sayensa ake yi, ba neman aiki yake fita ba.

Baban Yara: Au, da aka taɓa naka ka gane zagi ne.

Hajiya Mai Atamfa: Ku kuna nan kuna ta cacar baki tun la'asar, su sun gina gidajensu. Waye a cikinku ya taɓa wuce Kwanar Dangora?

Bazazzagi: Hajiya ki bar su, Bakano in ya je Zariya sai ya dawo yana cewa ya je waje.

Shugaban Zaure: To jama'a dare ya yi, bari in taƙaita. Na farko, kusan kowa ya yarda kalmar ci-rani ba ta dace da ɗan wasan da ya sa rigar Pillars ba, don haka Basakkwace ya yi kuskure, muna jiran ya janye. Na biyu, an tabbatar Pillars ce ta yi Shehu, ita ta yi Musa, kuma dukkansu gida suka dawo. Maganar wai ana nuna wa Sakkwatawa bambanci ba wanda ya kawo hujja. Bazazzagi kuma an yi masa gargaɗi na ƙarshe. Na rufe.

Malamin Firamare: Shugaba, "kusan kowa" ɗin nan ku nawa ne? Ni dai ban yarda ba.

Basakkwace: Ban janye komi ba.