Abin da aka tattara a zaman iyaye kan ƙibar yara a Gusau

A zaman da iyaye da malamai suka yi a wata firamare a Gusau, wata malama ta ce ta tambayi 'yan ajinta me ke sa yaro ƙiba. Wasu suka ce gado ne, wasu suka ce jin daɗi ne na 'ya'yan masu kuɗi. Kaɗan ne suka ambaci lemon kwalba, kuma babu wanda ya kawo zancen zama gaban talabijin ko waya.

Ban ga laifin yaran ba. A jihar da tamowa ke kwantar da yara da yawa, uwa in ta ga ɗanta ya yi ɓul-ɓul hamdala take yi, shi kuma abin da ya ji a gida shi yake ɗauka.

Shawarar da aka fi daɗewa a kanta ita ce a nuna wa yaro da idonsa. A zuba sukari cokalin shayi kusan 9 a faranti, a ce masa wannan ke cikin kwalbar lemo ɗaya. Daga nan a rage kuɗin alewa da biskit, a sa masa gyaɗa ko gwanda a jaka. Wani malami ya tuna mana cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya motsa jiki minti 60 kullum, kuma langa da ƙwallo bayan la'asar sun wadatar.

Wata kaka ta roƙi a daina kiran yaro "mai teɓa". Ta ce jikarta tun da aka fara tsokanarta ta daina fita wasa.