Ƙiba ce ko teɓa? Cacar bakin da ta tashi a zaurenmu

Maman Hanifa: Salamu alaikum ƴan uwa, yau raina a ɓace yake. Na je asibiti da ciwon gwiwa, aka ɗora ni kan sikeli, kilo 94, tsayina mita 1,60. Sai ma'aikaciyar ta ce a gaban mutane wai kwaɗayi ya ja mini teɓa. Wallahi tuwon dare ma malmala ɗaya ba na cinyewa. Innata haka take, kakata haka. Gado ne.

Hajiya ta Ali Ɗan Sofo: Teɓa ta ce? Ba ta da ladabi. Ƙiba gare ki ɗiyata, ƙiba kuwa rufin asiri ce. Teɓa sai wanda tumbi ya hana shi ganin yatsun ƙafarsa.

Malamin lafiya: Hajiya, gwiwa ba ta san wannan bambanci ba. Ga yadda ake auna ƙiba: a raba nauyinta, 94, da tsayinta, 1,60, har sau biyu, za a samu kusan 37, alhali daga 30 hukumar lafiya ta duniya, OMS, take kiran abin ƙiba mai cutarwa. Amma maganar kwaɗayi kuskure ce. Kitsen jiki na fitar da sinadarin leptin, wanda aka gano a 1994, shi ke sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke jiki. Ciki kuma na fitar da ghrelin mai kiran yunwa, ƙarancin barci yana ƙara shi. Gado ma na da hannu sosai.

Hajiya: Mai cutarwa? Ni ce mai cuta? Haihuwa tara na yi da jikin nan.

Ɗan kabu-kabu: Hajiya a yi haƙuri, babur dai ya san teɓa.

Zainabu Mokoyo: Kai rufe baki. Ba ku maza ke cewa amarya ta rame, sai ka ce ba a ciyar da ita ba? Saboda ku ƴan mata ke sayen ƙwayar dexamethasone wurin masu tallar magani don su yi ƙiba. Ƙanwar maƙwabciyata fuskarta ta kumbura kamar faranti, ƙafafu sirara, yanzu suga ake auna mata.

Ɗan kabu-kabu: Ni ban aiki kowa ba.

Bagobirin Tibiri: Katsinawa ne da shan lemun kwalba bisa shinkafa. Mu fura da kopto muka sani.

Zainabu: Furar taku da ake zuba wa suga cokali biyar?

Maman Hanifa: To gwiwar tawa fa? Ba wanda ya ce mini komai.

Malamin lafiya: Ko kilo biyar kika rage za ki ji sauƙinta. Ki fara da ajiye lemun kwalba, kuma a auna miki suga da hawan jini.

Shugabar zaure: Na rufe maganar nan. Abin da aka tsayar shi ne ma'aikaciyar ta yi rashin kunya, kuma kalmar teɓa zagi ce, kamar yadda Hajiya ta faɗa tun farko. Malam ya kawo lissafinsa na Turawa, mun gode. Ɗan kabu-kabu, ka ba Hajiya haƙuri kafin magariba ko in fitar da kai.