Waldar tsaye ta ƙi mini, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'ar walda. Wata biyar ke nan ina koyon walda a wata kwalejin al'umma a nan Amurka, ina shirin gwajin 3G, wato gwajin waldar tsaye, na takardar shaidar AWS, ƙungiyar harkar walda ta Amurka. Waldar kwance ba ta ba ni wahala, amma da na fara hawa daga ƙasa zuwa sama da sandar walda mai lamba 7018 sai komai ya dagule.

Gefen ƙarfen sai ya zaizaye ya bar rami, tsakiya kuma ya tara tudu kamar tuwo. Sau biyu ana lanƙwasa abin da na haɗa yana tsagewa, a ga dattin walda a ciki. Na rage ƙarfin wutar injin daga amp 125 zuwa 110, sai sandar ta dinga mannewa. Malaminmu ya ce in dakata kaɗan a kowane gefe in ratsa tsakiya da sauri, na yi, hannuna ne dai ke rawa. Sandunan kuwa daga cikin tanda nake ɗauko su, ba danshi ba ne.

Tazarar bakin sandar ce ta yi yawa, ko karkatar hannuna? Sati uku ya rage. Don Allah wanda ya taɓa wuce wannan ya taimaka.